Ranar da Muka Share wa Baƙo Iska

Shekara huɗu na yi a tashar duba yanayi da ke gefen Wad Madani kafin a kawo akwatin rana. Aikina kafin nan ba mai wuya ba ne. In duba ma'aunin zafi, in leƙa gwangwanin ruwan sama, in ga inda iska ta karkata, in rubuta. Akwai kuma duban nisa, wanda da ido kawai ake yinsa. Mutum ya hau dandamali ya ga ko yana hango hasumiyar masallaci, ko tankin ruwan tashar jirgi, ko layin bishiyoyin bakin babbar tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. Abin da ya hango mafi nisa shi zai rubuta. Ni kuwa a lokacin ina taƙama da idona, har abokan aiki suna zolayata wai ko kaza ce ta gifta a Sinja sai ta shiga littafina.

Akwatin ya zo ne a hannun wani malamin jami'a daga Hartum, dogo mai yawan shiru, muna ce masa Ustaz. Girman akwatin bai wuce ƙaramar rediyo ba. A gabansa akwai ɗan rami, a bayan ramin akwai gilasai masu launi da ake juyawa, shuɗi da kore da ja, a samansa kuma allura a cikin taga kamar ta agogon mota. Riƙe shi ake yi da hannu biyu a fuskanci rana, a yi ta gyara shi har ɗigon haske ya faɗa kan wata 'yar alama, sai a ɗauke numfashi a karanta inda allura ta tsaya. Bayan nan a auna tsayin rana da wani ma'auni da ke jikinsa. Ustaz ya ce mana hasken da rana ke aikowa kusan ɗaya ne jiya da yau, abin da ya ragu kafin ya iso hannunmu iska ce ta ci shi a hanya. Idan allura ta tashi sosai, iska garau take. Idan ta kwanta, akwai hayaƙi ko ƙura tsakaninmu da rana, ko da ido bai gani ba.

Wannan magana ta ƙarshe ba ta yi mini daɗi ba, don na ji kamar da idona ake. Amma ni aka danƙa wa akwatin, sau uku a yini, hantsi da tsakar rana da la'asar, duk ranar da babu gajimare. Kafin wata biyu na san na sha kaye. Ranar da zan rantse gari garau yake, ina hango tankin tashar jirgi har da tsanin jikinsa, sai allura ta ce ƙarya nake yi. A hankali na koyi Madani ta wata fuskar da ko waɗanda aka haifa a cikinta ba su sani ba. Na gane hayaƙin gidajen burodi da safe, da na manyan motocin da ke jigilar auduga, da ƙurar injin gurza idan lokacinsa ya zo. Bayan girbi, lokacin da doka ta tilasta a tumɓuke karan auduga a ƙona saboda cuta, allura takan kwanta kamar ta yi zazzaɓi. Na kuma koyi bambance su. Ƙura takan rage duk launukan kusan daidai, hayaƙi kuwa shuɗi ya fi ci. Safiyar Juma'a kullum ta fi sauran safiya haske, ko akwatin ya san ranar hutu.

Duk wannan awon na birni ne. Abin da ke cin raina yana can garinmu, tafiyar sa'a guda a keke kudu da Madani, a bakin kogi, wanda mu bahar muke ce masa. Iyayenmu ne suka kafa garin, mutanen yamma da suka taso za su hajji, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, zama ya kama su. Muna noma ɗan abin da ya samu, muna tsintar auduga a gonakin waɗanda suke da hawasha, wato kason gona na hukuma. Da birni ya fara gini da jan bulo, sai 'yan kasuwa suka gano laka mai kyau a gaɓar da ke arewa da mu, tsakaninmu da birnin. Da zarar ruwa ya janye bayan damina sai a kwaɓa laka da kashin shanu, a buga bulo, a shanya, a jera shi tsibi guda mai tsawon ɗaki, a yaɓe, a cusa itace ta ƙasa a kunna. Wannan tsibi shi ake kira kamina. Da farko biyu ne. A shekarar da nake magana sun kai yadda idan mutum ya tsaya bakin bahar ba ya ganin ƙarshensu. Masu su suna birni, masu aikin kuwa samarinmu ne.

A lokacin ɗari iska daga arewa take zuwa. Da safe hayaƙin kamina ba ya tashi sama, shimfiɗuwa yake yi daidai kan mutum, ya ratsa zana, ya shiga ɗaki ya zauna. Farin wanki ya koma ruwan toka a kan igiya. Ana jin ɗanɗanonsa a kisra, wainar dawa da muke ci, ana jinsa a ruwan randa. Mun saba, har baƙo ne kaɗai ke toshe hanci.

Inna ce ba ta saba ba. Ni ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wanga yaro" nake har na yi gemu. Ba ta taɓa yaba mini a gabana ba, ba ta tambayata aiki, idan na kawo mata tsaraba sai ta ce a ajiye can. Ita ce ungozomar garin, rabin waɗanda ke aikin kamina a hannunta suka faɗo. Fuka ta kama ta a shekarun da kamina ta yawaita, kowane ɗari ya fi na bara tsanani. Ba ta iya kwanciya, sai dai ta zauna bakin angarib, gadonta na igiya, ta dafa gwiwa, ƙirjinta yana fito ana ji daga zaure. Na kai ta wurin hakim, wato likita, a asibitin birni. Ya saurari bayanta, ya tambaye ni inda muke zaune, da na faɗa sai ya ajiye abin kunnensa ya ce magani zai ba ta, amma ko hayaƙin ya bar ta ko ita ta bar hayaƙin, in ba haka ba, ba ya ganin za ta iya ƙara lokacin ɗari sau biyu a haka.

Ƙanwata tana aure a Suki, gidansu nesa da kowace kamina, ta aiko sau uku a kai mata Inna. Na gaya mata. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ɗakin ga ubanku yag gina shi da hannunai. Nan anka yi mashi wanka. Ba ni tahiya gidan suruki in zamna awa kaya.” Ba ta ƙara ba, ni ma na san ba a ƙarawa. Saura hanya ɗaya, a mayar da kamina kudu da gari, inda akwai laka iri ɗaya, iska kuma ta kwashe hayaƙin ta yi jeji da shi.

Mai garinmu ƙanin mahaifina ne, Baffa nake ce masa. Na ja shi da ƙyar muka je wurin wani jami'in majalisa da ke ba da izinin gaɓa. Mutumin bai wulaƙanta mu ba, har shayi ya sa aka kawo. Ya ce ko'ina a ƙasar nan akwai hayaƙi, kowace mata tana girki, ta yaya zai san namu ya fi na wasu? Masu kamina suna da takarda, mu baki muka kawo. Idan muna son ya taɓa izinin mutane, mu kawo shaida daga masu awo. Baffa ya yi godiya har sau uku, muka fito. A hanya ya ce mini, “Ka gani? Ai na hwaɗi maka. Mu da anka bari munka zamna, mi ya kai mu ƙara?” Na ce masa ni ne mai awon. Ya dube ni kamar na ce ni ne gwamna.

Akwatin ba nawa ba ne, ba kuma na tashar ba ne, aro ne. An hana fita da shi ko da ƙofar shinge, kuma awon da ba Ustaz ya sa wa hannu ba takardar tsire ce. Na rubuta masa wasiƙa. Amsa ta zo cewa dama zai zo ɗaukar akwatin, za a kai shi wani gari can gabas, bakin teku. Zai kwana a Madani ranar Laraba, jirginsa zai tashi ranar Alhamis bayan azahar. Idan na samo mota, zai ba ni safiyar Alhamis. Na yi murna ƙwarai. Safiya ɗaya ta ishe ni, don na san garinmu. A tsakiyar ɗari muke, kamina a kan ganiyarta, ko makaho aka ba akwatin zai dawo da shaida.

A birni nake kwana ranakun aiki, Juma'a nake zuwa gida. Juma'ar da ta gabaci zuwansa, bayan an sauko daga masallaci, na gaya wa Baffa a gaban dattawa cewa babban malami daga Hartum, wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, zai zo ranar Alhamis ya duba iskar gari. Na faɗa da ɗan ɗaga murya, ban ɓoye ba, ina son a san ɗan wa ya kawo shi. Na bayyana musu akwatin, da allura, da gilashin shuɗi. Suka yi ta gyaɗa kai. Wani tsoho ya tambaya ko malamin yana cin naman rago. Na ce yana ci, na hau kekena na koma birni ina jin kaina.

Abin da ban yi tunani ba, ni da aka haifa a cikinsu, shi ne abin da mutanenmu suka sani game da zuwan babban mutum. Idan mufattishin auduga, jami'in duba gonaki, zai zo, kwana biyu ake yi ana cire ciyawa a bakin gona. Idan malamin tsafta zai zo, a share gida, a kife tsofaffin tukwane, a ɗaure awaki a bayan gari. Kuma a ƙarƙashin wannan akwai wani tsoro da ba a faɗa a fili. Mu baƙi ake ɗaukarmu ko da an binne kakanninmu a nan, kuma an sha jifanmu da kalmar ƙazanta. Duk takardar da za ta ce wurinmu ba shi da kyau, dattawa ba sa jin tana nufin a gyara, ji suke tana nufin a tashe mu. Na san duk wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Akwatin ne ya cika mini kai.

Ranar Alhamis muka taso da sassafe a motar tasha, ni da Ustaz da direba. Hanyar tana bi ta gefen gaɓa. Tun daga nesa na fara jin wani abu ba daidai ba, na kasa gane ko mene ne, sai can na lura ina hango dabinon ƙetaren bahar ɗaya bayan ɗaya. Rabona da ganinsu a lokacin ɗari na manta. Muka iso kamina. Ga su nan a jere, an yaɓe su tsaf, an tara itace a bakin kowace, babu ko ɗaya da ke ci. Babu mutum ko ɗaya a wurin. Ustaz ya juyo ya ce, “Waɗannan ne?” Na ce su ne.

Garin kuwa ban taɓa ganinsa haka ba ko ranar idi. An share kowace hanya, an yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, har sawun tsintsiya ana gani. Babu hayaƙin girki ko ɗaya, ashe tun asuba aka gama dahuwa a can kudu da gari, aka kashe wuta. An kori shanu jeji. Samarin kamina, waɗanda ban saba ganinsu ba sai da laka har wuya, sun jeru cikin fararen jallabiya. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar Baffa, an kawo angarib mai sabon zane domin baƙo. Baffa ya tarye mu da hannu biyu, fuskarsa kamar gonar auduga, ya ce da Ustaz cikin Larabci gari garinsa ne. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

“Yaya ka gani? Kwana ukku ba a hura ko ɗaya ba. Shi duba duk inda shika so.”

Abin da ya zo bakina ba na gaya wa ƙanin uba ba ne.

Ustaz ya ce tunda mun zo, a auna. Muka tsaya a filin masallaci, gari duk ya kewaye mu, an yi tsit. Ya miƙo mini akwatin. Na fuskanci rana, na kawo ɗigon haske kan alama, na juya gilashin shuɗi. Allura ta tashi, ta wuce inda na saba ganinta, ta ci gaba. Na sauke, na goge ramin da gefen rigata, na sake. Nan ta koma. Kusan shekara ina riƙe da wannan akwati, ban taɓa ganin ta kai wurin ba sai washegarin ruwan sama mai ƙarfi. Ustaz ya karɓa ya gwada da kansa, ya faɗi lambar, na rubuta. Muka sake a ƙofar gidanmu, muka sake a bakin bahar. Da mutane suka ga baƙo yana gyaɗa kai, wata mata ta rangaɗa guɗa.

Na ja Baffa bayan rumfa. Na ce a ba ni samari goma yanzu, mu je mu kunna kamina uku, kafin rana ta yi sama hayaƙi ya iso.

“A hura wuta baƙo na zamne?” in ji shi. “Ga rago an yanka? Kai, wanga karatu naka.”

Na ce shi fa hayaƙin aka zo gani. Na ce da bakina na bayyana musu ranar Juma'a.

“Mun jiya. Kac ce za shi duba shi rubuta. To mi kaka so shi rubuta? Garin Hausawa ba shi shaƙuwa? Gobe takarda ta kai majalisa, su ce to ku tashi, ga lori. Masu kamina na da hannu can sama, mu wa muka da shi?”

Na ce to ai gara ya bar gari yadda yake, ko bai taimake ni ba kada ya ɓata mini. Muryata ta tashi, na sani, don na ga samari sun juyo. Baffa bai yi fushi ba. Ya gyara rawaninsa ya ce shi shara kawai ya sa aka yi. Ya je wurin 'yan kamina sun ƙi daina hura wuta, sun ce masu ita za su kore su.

“Uwarka ta tahi,” ya ce. “Ran Lahadi da marece, da sanda, tana tsayawa tana hutawa. Ta bi su kamina kamina. Wa za shi ce mata a'a, ita tay yanke masu cibi? Tac ce wanga yaro za shi kawo maigidanai gida, bai taɓa kawo kowa ba. Tac ce kar a kunyata shi.”

Daga gidanmu zuwa kamina ta ƙarshe tafiya ce da ni mai lafiya nake jin ta a ƙafa. Fushin da na tara ya rasa inda zai sauka, ya dawo kaina. Na ji kunya, na ji tausayi, na kuma ji wani daɗi da ban so na ji ba, domin duk shekarun nan ban taɓa sanin tana lura da inda nake aiki ba.

Aka ci rago. Ustaz ya ci sosai, ya yaba, ya sha jabana, wato gahawa, har kofi uku. Ya nemi ya gaida mahaifiyata. Ta fito bakin ƙofa cikin farin tob ɗinta, mayafin zuwa unguwa, ta gaishe shi daga nesa, ta yi masa addu'a doguwa ba tare da ta tsaya jan numfashi ba. Ni ko kallo ban ishe ta ba. A nan ne na lura ƙirjinta ba ya fito. Kwana uku sun isa.

A mota na gaya wa Ustaz komai. Ya saurara har na gama. Littafin awon yana kan cinyata, da fensir aka rubuta, direba kuma bai iya karatu ba. Na ce masa, ba tare da na ɗaga kai ba, ni na san lambar da garin nan ke bayarwa a ranar da aka saba, ko ban auna ba zan iya faɗinta kusan daidai. Ya ce ya yarda zan iya. Ya ce amma ranar da aka gane lamba ɗaya ta ƙarya a littafin nan, duk safiyoyin da na tsaya a rana sun tashi a banza, nasa ma haka. Ya ce abin da muka samu yau ba banza ba ne, rabin shaida ne, ya nuna yadda iskar wurin take idan babu kamina. Saura a auna ranar da suke ci a gwada. Na tambaye shi yaushe akwatin zai dawo. Ya ce bai sani ba. Bai dawo ba, ni dai har na bar aikin ban ƙara ganinsa ba.

Ya cika alkawari, bayan mako biyu takarda ta iso da sa hannunsa. Layin farko ya ce a safiyar da aka auna, iskar garinmu ta fi ta kowane wuri da aka auna a Madani tsabta. Layi na biyu ya ce ba a kunna kamina ba a ranar, don haka ana bukatar a sake awo. Na yi kwana biyu ina shawarar ko in kai ko kada in kai, daga baya na kai, saboda layi na biyun. Jami'in ya karanta, ya ce masha Allah, ya taya mu murna. Na nuna masa ƙasa da yatsa. Ya ce ya gani, idan an sake awon in kawo masa. Ya sa takardar a fayil ɗin masu kamina. Baffa kuwa ya sa an kwafe layin farko an karanta a masallaci, dattawa suka yi ta shi mini albarka, wai na fitar da gari kunya. Har yau akwai tsofaffin da ke tuna ni da wannan.

Amma kafin takardar ta iso an riga an gama. Masu kamina sun ji labarin kwana ukun da aka yi ba wuta, suka zo da kansu, suka tsaya a kan samari. Abin da aka saba kunnawa bi da bi, biyu yau uku gobe, sai aka kunna shi gaba ɗaya ranar Asabar. Ban ga wannan hayaƙin a farkonsa ba, ina birni ina duban nisa da ido kamar da. Ranar Talata aka aiko mini. Na tarar da Inna a bakin angarib, leɓɓanta sun canza launi, mata biyu suna riƙe da ita. Ban nemi shawararta ba a wannan karon, ita ma ba ta da numfashin musu. Na kai ta asibiti ta kwana huɗu, daga can na samo lorin da ke zuwa Suki. Ta ce a biya da ita gida ta ɗauki kayanta.

Ba ta sauka ba, ba ta iya ba. Lorin ya tsaya a ƙofar gida, mata suka fito da akwatinta da buta da tabarmar salla. An zaunar da ita a gaba kusa da direba, na tsaya a ƙasa ina riƙe da murfin ƙofa. Hayaƙi ya kwanta a kan titi, ƙarshen layinmu ma ba a gani. Ta daɗe tana kallon ɗakin. Na zaci za ta ce a kula da shi, ko a rufe, ko ta yi mini faɗan da na cancanta. Sai ta ja numfashi sau biyu, ta yi magana tana kallon gilashin mota.

“Baƙon nan. Ya ji daɗin garin?”

Na ce ya ji daɗi, Inna.

“Bai ga abin ƙi ba?”

Na ce bai gani ba.

“To, madalla,” ta ce. “Ruhe ƙohwa.”

Na rufe. Ta yi shekara biyu da 'yan watanni a Suki, ƙirjinta ya yi sauƙi, ƙanwata ta ce ba ta taɓa kwashe kayan akwatinta ba, sai dai ta zaro abin da take so ta mayar da igiya. A can aka binne ta.